Furen Bakin Teku Ya Tsiro

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarka, yaya Mama da yara?

Ɗan furen nan na bakin tekun Staten Island, shekara biyu ina ɓoye irinsa cikin gwangwani a ɗaki saboda sanyi, ina zuba taki yadda ka koya mini. Bai tsiro ba. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta ce yashi yake so, kuma sai ƙanƙara ta rufe shi. Na zuba yashi, na bar gwangwanin a waje har sanyi ya wuce. Jiya na ƙirga ganye bakwai.

Baba, ka daina cewa sanyin nan zai kashe ni. Ba zan dawo bana ba.

A sa ni a addu'a. A gai da Kawu Bulus.

'Yarka,
Rifkatu