Ni Na Raba Ka da Sitiyari, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Alhaji Mamman Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa irin ta ɗiya da mahaifinta, tare da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Faskari lafiya lau. Inna na nan tana fama da ƙafarta, an kuma shigo da masara.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma ba ka ɗauki takarda a bakin komai ba. Amma maganar ta cika mini ciki, a gida kuma da na ɗauko ta sai kowa ya miƙe, shi ya sa na kawo ta bainar jama'a. So nake ka yafe mini, Baba, kuma har yau ban san ko ka yafe ba.

Tun kafin a haife ni kake jigilar mutane tsakanin Faskari da Yankara da Sabuwa, ko akuya ba ka taɓa takawa ba. Matan da ke fataucin hatsi sun gwammace su zauna bisa buhunansu rana na dukansu har lodi ya zo kanka. Kullum kana cewa, "Takarda ba ta tuƙi, hannu ka tuƙi." Lasisinka kuwa in ya ƙare, ba ka zuwa ko'ina. Akwai mai tattarawa a tasha, ya tafi da su ya dawo da sababbi. Ba wanda ya taɓa cewa Alhaji zauna mu duba idonka.

Ni na duba, ba don na so ba.

Ka tuna ranar kasuwar Yankara da na shiga gaban motarka zan je asibitin da nake aiki? Wata amalanke ta fito daga gona ta hannun dama, shanu biyu manya, ƙiri-ƙiri da rana tsaka. Duk motar muka gan ta, kai kaɗai ba ka gani ba. Sai da Hajiya Lami mai hatsi ta ƙwalla salati daga baya ka taka birki. Ka yi dariya ka zagi mai shanun, fasinja suka taya ka. Ni kuwa idona na kanka. Na ga yadda kake juya kai gaba ɗaya kafin ka ga abin da ke gefenka.

Da dabara na kai ka Ƙanƙara, na ce tabarau kawai za a ba ka. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya cinye gefe da gefe, saura ɗan tsakiya kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A hanyar dawowa ka ce, "Hanyag ga ko an ɗaure mini ido na san kowane rami." Gaskiya ka faɗa. Amma rami ba ya tsallaka titi, Baba, yara ke tsallakawa. Ga shi kuma tun da ɓarayin daji suka addabi hanyar Sabuwa, ba direban da ke tafiya a hankali, kowa wuta yake ba mota.

Na roƙe ka. Na sa Inna ta roƙe ka. Na je wurin Kawu Iro ƙanenka, ya ce mini in kama kaina, ɗiya mace ba ta kafa wa ubanta doka. Ka ciro lasisinka sabo fil daga aljihu ka nuna mini, ka ce gwamnati ta yarda da kai, ni wace ce.

Sai na yi abin da na yi. Na sa hijabina na tafi tasha, na samu shugaban direbobi a rumfarsu, na gaya masa abin da likita ya ce. Na tona asirin ubana a gaban abokan aikinsa. Wallahi har yau ba na son bi ta gaban rumfar nan.

Suka cire ka daga layin lodi. Ba ka yi mini faɗa ba, da ma ka yi. Sunan mahaifiyarka aka sa mini, tun ina goye "Uwata" kake ce mini, ba ka taɓa kiran sunana ba. Daga ranar nan na koma "Malama". Malama an dawo? Malama sannu da aiki. Ka shimfiɗa tabarma a zaure, kana sauraron motoci na wucewa, kana gane ta kowa da ƙararta. Mutumin da ba ya zama ko ranar sallah, na mayar da shi ɗan zaman zaure. Ina kallo kana ramewa, tuwo ma sai Inna ta yi da gaske.

Ga maganar da ba mu taɓa yi da kai ba. Gurbinka wani matashi aka ba, shi ma da lasisinsa sabo, ta hannun mai tattarawar nan ya same shi, ba wanda ya taɓa ganin tuƙinsa. Damina na tsaka ya kifar da mota a kwanar da ke kafin Yankara. Hajiya Lami na ciki. Ba ta kai asibiti ba. Matar da ta yi shekara da shekaru ba ta shiga motar kowa sai taka. Da aka gaya maka, ka yi salati, ka juya fuskarka bango. Kawu Iro kuwa ya faɗa a wurin zaman makoki, kowa na ji, cewa da Alhaji ne a sitiyari da ba a yi haka ba. Kwanan Hajiya ne ya ƙare, na sani. Sanin bai hana ni jin kamar da hannuna na sa ta a motar ba.

Haushi nake ji, Baba, har yanzu. Kai mai hannu ba ido, shi mai ido ba hannu, duk an miƙa muku takarda iri ɗaya ba tare da an kalle ku ba. Mutane na cewa lasisi aikin banza ne, kuma irin wanda ake kawowa tasha lallai na banza ne. Amma da an zaunar da kai an gwada idonka, wani baƙo mai kaki ne zai ce maka ya isa. Ka zage shi son ranka, ka dawo gida ka ce Uwata kawo mini ruwa. Da an gwada yaron nan, da an ce ya koma ya ƙara koyo. Waɗanda aikin ya rataya a wuyansu suka ƙi yi, sai ya faɗo kan ɗiyarka, wadda ba ta da ikon hana kowa sai kai.

Ba zan yi maka ƙarya ba kana kabari. In na tuna amalanken nan, na san da an koma baya zan sake zuwa tasha. Wannan ne ke hana ni sakat, domin ban san yadda ake neman gafara kan abin da mutum zai sake yi ba. Amma ina nema, Baba. Ni dai na kunyata ka, kuma ka mutu da kunyar.

Ranar da ka cika ina wurin aiki, kafin in iso an rufe maka fuska. Inna ta ce kafin ka yi kalmar shahada ka ce ka yafe wa kowa. Na riƙe hannunta na tambaye ta ko ka ambace ni. Ta gyara mini mayafi, ta ce in je in yi alwala.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Mamman, ka haskaka masa kabarinsa, ka faɗaɗa masa shi. Ka jiƙan Hajiya Lami, ka ba marayunta haƙuri. Ka tsare duk wanda ya shiga mota a hanyoyin nan namu. Ni kuma, ya Ubangiji, ka sa ina cikin kowan nan da ya ce ya yafe wa.

Wassalam.

Ɗiyarka mai jiran haɗuwa da kai,
Hadiza.