Goggo Ta Cinye Wainar Duna

Jimeta, daren Laraba, kakar 1971

Na kwanta na tashi, barci ya ƙi zuwa. Karenmu Duna ma yana bayan ɗaki yana gurnani, da gaskiyarsa kuwa.

Haƙoransa sun zube, ba ya iya ƙashi, ga shi duk damina shi ya tsare mana kabewa daga birai. Na ce bari in saka masa. Na dafa kabewa, na kwaɓa da ƙanzon jiya da kawunan kifin da na tsince a ƙasa, na gasa a tsohuwar tanda. Na jera a faifai, na shiga wanka.

Ina fitowa na tarar Goggon maigida ta iso daga unguwar Makama, tana kan tabarma, bakinta cike. Goggon da ko inuwar kare ta gifta zanenta sai ta wanke!

"'Yar nan, yaushe kika iya waina haka? Ba mai, amma ga daɗi."

Ta ci ta ƙoshi, ta ƙulle sauran a gefen mayafi. Duna yana daga nesa yana kallonta, yana kaɗa wutsiya, har ta ce yau karen nan ya yi ladabi.

In na faɗa, ba za ta ƙara taka gidan nan ba. In na yi shiru, sunan jikanta ranar Juma'a ne, kuma ni ta ɗora wa wainar baƙi. Irin wannan sak, in ji ta, kada in kuskura in canza komai.