An Mai Da Ni Baffan Ɗana

Dutse Alhaji, Abuja
6 ga Satumba, 2007

Zuwa ga ƙanena Badaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ameera da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya buɗa kasuwa, Ya nuna mana watan azumi da ke ƙaratowa da rai da imani. Shekara shida ke nan rabona da ganin rubutun hannunka, tun ranar da na raka ka filin jirgi ka tafi da babban yarona, ka ce karatun injiniya za ka sa shi a Beljiyam. Na rubuta maka ban sami amsa ba. In za ka yi waya, Hajjo uwar yaron kake kira, kuma kullum sai lokacin da ka san ina masallaci. Na daɗe ina haɗiye wannan saboda zumunci, amma abin da ya faru watan jiya ya fi ƙarfin shiru.

Mutanen gida duk lafiya, sai ciwon gwiwar Hajjo da ke tashi in an yi ruwa, kuma daminar bana ba ta yi mana rowa ba. Cikin 'yan matanmu, Muhibba ta gama makarantar jinya, ta sami aiki a wani ƙaramin asibiti a Kubwa. Hasana tana Abaji da mijinta, ta sauka lafiya, an sami mace, an mai da sunan mahaifiyarmu Iyatu. Ni kuwa ina nan yadda ka ji. Tun da aka yi garambawul a ma'aikata aka sallame mu, aka sayar da gidan da muke ciki a Garki, na dawo nan Dutse ina haya. Garin ana ta cewa ya bunƙasa. Bankuna sun cika ko'ina, benaye na gilashi suna ta tashi, motocin da kuke turowa daga Antwerp sun toshe hanya. Ni da na yi digiri a Zariya tun kana aji uku, na kuma yi shekaru ina rubuta wa manya jawabi, yanzu a tsaye nake karanta jarida a gaban mai sayarwa a bakin titi, ina jiran ɗan acaɓa ya gama da shafin baya.

Ka san ban taɓa damuwa da ƙwallo ba. Na fara karanta shafin wasanni ne ranar da na gane makarantar da ka kai yaron fili ce mai ciyawa da raga biyu. Tun daga nan na koyi halin masu rubuta shafin. Yau za su ce wane zai koma Italiya, gobe su ce ya rantse a kulob ɗinsa zai mutu, jibi a gan shi a filin jirgi da jaka. Wannan an kama shi a otal da matar abokin wasansa, wancan ya mari mai horarwa, wani an ce ya sayar da wasa. Kuma kullum wata majiya ce ta faɗa, majiyar da ba ta da suna. Na yi aikin gwamnati isasshe da zan san labari ba ya kai kansa gidan jarida. Wani ne ke ɗaukarsa ya kai, kuma akwai abin da yake nema.

A cikin irin wannan karatu na ga an ce wani babban kulob na Faransa yana zawarcin ɗan wasan tsakiya mai suna Zul Badaru, ɗan shekara goma sha tara. Wannan sunan zan iya rubutawa, domin ba shi na raɗa masa ba. Nawa na kakanmu ne, cikakke, kuma sunana ke biye da shi. Shekarun ma na yi musu dariyar takaici, domin kai ka riƙe ragon sunansa a shekarar da aka fara kwaso mu daga Legas, lokacin ko aure ba ka yi ba. Ashirin da biyar yake da su. Da za ka tafi da shi ka ce za ka gaya wa Turawa kai ne mai riƙonsa, na ɗauka riƙo irin namu kake nufi, yadda Baba ya ba Baffa Yamusa kai, ba wanda ya manta ɗan wa ne kai. Bayan 'yan kwanaki sai wata jarida ta ce yaron ya girmi abin da ake faɗa, kuma ba ɗanka ba ne, ubansa na gaskiya wani tsohon ma'aikaci ne a Abuja. Aka ce Faransawa sun dakatar da ciniki sai sun bincika. Ba zan ɓoye maka ba, da na karanta na ji wani sanyi a raina, cewa akwai wanda ya tuna ina duniya.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, muna fitowa daga masallacin unguwa, sai ga Ishaya mai gidan kallon ƙwallo na bayan layinmu ya rako wani saurayi mai suna James, ɗan jarida, da ƙaramar rikoda a hannu da mai ɗaukar hoto a bayansa. Takalmina ma ban gama sawa ba. Liman yana tsaye, maƙwabta suna tsaye, ga surukina mijin Hasana da ya zo daga Abaji yana gefena. A nan, da ƙarfi yadda kowa zai ji, James ya miƙo mini rikoda ya tambaye ni wai shin Zul ɗana ne na cikina. Badaru, ka san abin da na ce, domin ka san gidan da muka tashi. Baba har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, saboda ni ne ɗansa na fari. Ranar da na ci jarrabawar shiga jami'a, cewa ya yi wa mutane yaron Yamusa ya ci, alhali ba ni aka ba shi riƙo ba. To ni ma, a ƙofar masallaci, a gaban suruki, sai na sunkuyar da kai na ce ɗan Badaru ne. Ya tambayi shekarunsa, na ce ya tambayi uban nasa. Duk wanda ke wurin ya gane. Liman har murmushi ya yi, ya ce wa surukina ka ga mutanen da, kunya ba ta barinsu. Na ce wa James ya shigo gida ya sha ruwa mu yi magana a zaune, ya ce direba na jiransa, ya kashe rikoda, suka wuce.

Ranar Litinin hotona ya fito da hulata a karkace, a ƙarƙashin babban rubutu cewa baffan ɗan wasa ya kashe magana. Aka ce tsohon da ake ta raɗe-raɗin shi ne uban ya faɗa da bakinsa, a gaban limami da jama'a, cewa yaron ɗan ƙanensa ne. Kafin a rufe kasuwar 'yan wasa a ƙarshen wata, aka ce Faransawa sun gamsu, yaro ya sa hannu.

Tun ranar nake juya abin, kuma ga tambayoyin da suka hana ni sakewa. Wa ya ba James kwatancen gidana? Abokan aikina na da ma ba su san inda na koma ba, amma kai ka sani, domin Hajjo ta yi maka kwatance a waya har da shagon mai faci da ke kan kwana. Na tambayi Ishaya, ya ce shi dai oga James ya zo da sunana da sunan layi a rubuce, kuma James ɗin ya ce wani oga ne daga waje ya ce a zo ranar Juma'a. Me ya sa Juma'a, kuma me ya sa a ƙofar masallaci, ba a ɗakina ba? Ɗan jaridar da ke neman gaskiya yakan so ya keɓe da mutum. Wannan taro yake nema. James ba Bahaushe ba ne, Hausar ma da kyar yake haɗa ta, to wa ya koya masa cewa akwai tambayar da in aka yi wa irina a bainar jama'a amsa ɗaya tak zai iya bayarwa? Har jaridar farko da ta tono maganar na fara zargi, ko da gangan aka tayar da ita don a kashe ta gaba ɗaya kafin wani ya tono ta da gaske. Mutum ɗaya na sani a duniya wanda ya san halin Turawa da takardunsu, ya kuma san halin gidanmu, kuma yake da rabo in ciniki ya faɗa.

Na sa babbar rigata na je ofishin jaridar don in gyara. Na yi wa editan bayani da Turancin da ya fi nasa, cewa a al'adarmu uba ba ya amsa ɗan fari a gaban mutane. Ya saurare ni yana wasa da biro, sannan ya ce Baba, tun da aka sanar da cinikin nan tsofaffi suke ta zuwa kowa na cewa shi ne uban, har da wani daga Lakwaja, bambancinka da su kawai shi ne kai akwai muryarka a kaset kana cewa ba kai ba ne. Ya ce in ina so a buga sabon labari cewa na canza magana bayan na ji an yi ciniki, a shirye yake, zai sayar da jarida. Na tashi na fito.

A gida ma ban sami mai goyon bayana ba. Hajjo ta ce ita da aka tambaye ta ko amsawa ba za ta yi ba, mayafi za ta ja, don haka ba ta ga laifina ba, amma in yi wa Allah in bar yaro ya ci abincinsa. Ta ce in na tono shekarunsa kora za a yi masa, ya dawo ya zauna da ni muna karanta jarida a tsaye mu biyu. Muhibba ta ce ita ma a asibiti ta daina cewa yayanta ne, don kada ta ɓata masa. Samarin unguwa kuwa sun sami abin wasa. In na wuce sai su ɗaga hannu su ce Ankul Zul, wato baffan Zul, yaushe za a kawo mana riguna. Ishaya ya ajiye mini kujera a gaba a gidan kallonsa, ya ce ta Ankul ce, kyauta. Ban taɓa zama a kanta ba.

Ba kuɗi nake nema ba, kada ka turo, zan mayar. Ba kuma zan sake zuwa wata jarida ba. Hajjo ta yi gaskiya, ba zan zama sanadin korarsa ba, kuma ina jin ka san da haka tun kafin ka fara. Abu biyu nake so ka rubuto mini da hannunka. Kai ka turo James? Kuma shi yaron, ya san za a zo, ko daga baya ya ji? Ta biyun ta fi damuna. Ranar Lahadi ya kira wayar uwarsa tana banɗaki, na ɗauka. Rabona da muryarsa tun bara. Da alama akwai mutane kusa da shi, ya gaishe ni da ladabi, ya ce Baffa ina wuni, ya jiki, don Allah in Hajiya ta fito a ce ya kira. Na saurara ko zan ji muryarsa ta yi rawa. Ba ta yi ba.

Ka gaishe mini da Ameera, Allah Ya saka mata da ɗawainiyar da ta yi da shi. Ka shafa mini kan Fu'ad da Kauthar, ka ce musu su riƙe karatu. Hajjo tana gaishe ku, Muhibba da Hasana suna gaida baffansu. In azumi ya kama ka sa iyayenmu a addu'a, Allah Ya jiƙansu, Ya kyauta namu zuwan. Ina yi maka addu'a har yau, domin nono ɗaya muka sha. Amma ka sani, ɗa namiji guda ɗaya Allah Ya ba ni, na ba ka shi riƙo, kuma yanzu ba ni da shi.

Wassalam.

Yayanka,
Labaran