Duk Ranar da Iya Kande Ta Shigo

Ƙofar Kibo, Zariya

Yaya Tayyiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu? Da ana barinku da waya a makarantar kwana da tuni na kira ki.

Ƙanenmu Jamilu ya sake kwanciya. Amai da gudawa, idanunsa sun faɗa, ko kunu ba ya zama a cikinsa. Baba bai dawo daga fatauci ba, Kawu Sagiru ke riƙe da gidan. Shi ya ce ya lura, duk ranar da Iya Kande mai daddawa, maƙwabciyarmu, ta shigo ta daɗe, ba a jimawa sai Jamilu ya kwanta. Na tuna baya, Yaya, kuma haka ne. Jiya da zazzaɓi ya yi zafi har sunanta ya riƙa kira. Mata suka ce ai magana ta ƙare, mayya ce, ta kama kurwarsa. Kawu ya rantse ran Juma'a sai ta tsallake shi a gaban jama'a don ta sake shi, in ta ƙi kuma samarin unguwa sun san abin yi.

Ni da nake zama gefenta tana mana tatsuniya, yanzu ko muryarta na ji sai in ruga ɗaki in ɓuya. Ki ba Malam Bahago direba amsa.

Ƙanwarki,
Radiya

*

Radiya sarkin tsoro,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida Mama. Kafin komai, ki ce mata a kai Jamilu asibiti, ba sai gobe ba. Ni ma tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi ciyuwa.

To amma haba, 'yar aji biyu guda! Duk ranar da Baba ya sa babbar riga, shinkafa da kaza ake ci a gidanmu. Rigar ce ke dafa shinkafar? Juma'a ce ke kawo su duka biyun. Abu biyu kan zo tare alhali wani abu na uku ne ke janyo su. Batun kiran suna kuwa, wa kike so ya kira in ba mai ba shi ƙuliƙuli ba?

Ki bincika mini. Ranakun da ta shigo bai kwanta ba fa, wa ya tuna da su? Akwai yaron da ya kamu a gidan da ba ta shiga? Kuma me ke sa ta daɗe a wurinmu? Ki buɗe ido, ran tsohuwa ne a hannunku.

Yayarki,
Tayyiba

*

Yaya Tayyiba,

Sallama da gaisuwa. Na bi maganarki, kuma kunya ta kama ni.

Ruwan sama ne. Soron ɗakin Iya Kande yoyo yake yi, shi ya sa in an tsuge da ruwa take zuwa ta fake a wurinmu. Da rani kusan kullum tana kawo wa Mama daddawa, Jamilu kuwa garau. Gidan Alhaji Muntasir kuma, ba ta taka shi tun da suka yi faɗa da matarsa, amma 'yan biyunsu suna kwance da irin ciwon, kuma a rijiyarmu suke ɗiban ruwa. Na je na duba rijiyar. Bakinta ya tsage ta wajen lambatu, in ruwa ya yi yawa ƙazantar sai ta gangara ciki. Kin san halin Jamilu, kai yake kafawa a guga.

Na gaya wa Kawu, ya ce bokon nan ya fara lalata ni, in rufe masa baki. Mama dai daga baya ta ce da safe za ta kai shi asibiti. Amma gobe Juma'a, Yaya, kuma na ga samari sun fara zama a ƙofar Iya Kande. Ina jin tsoro ƙwarai. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Radiya

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Jamilu ya tashi, har ya ci tuwo.

Ran Juma'a da safe aka yi masa ƙarin ruwa a asibiti, muka dawo da shi gida. Bayan an sauko daga masallaci samari suka jawo Iya Kande ba ko mayafi. Ta tsallake shi, abin da ta ce kawai: "Allah ya ba ka lafiya, Jamilu."

Yanzu unguwa duka cewa ake yi, ga shi nan, tana tsallake shi ya warke.

Mama ta sa an gyara bakin rijiya, muna tafasa ruwa. Ɗazu da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na bar wa Iya Kande ƙofar zaure a buɗe. Ba ta zo ba. Na leƙa ta katanga, na hango ta zaune a ɗakinta ta kifa tasa a ka.

Ki huta lafiya.
Radiya