Kujerar da Aka Ba Mas'ud

Birnin Tudu, Bakura

Zuwa ga Yayana Jibrin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ya aiki, ya ruwan Fatakwal da ba ya gajiya? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Hajiya ta samu sauƙi har ta koma yi mana faɗa, ka san kuwa ta warke. Taiba ta sauka a Maradun, an samu mace, sunanta Lailatu.

Yaya, maganar ɗanka Mas'ud ce ta sa na rubuto. Aikin da ka samo masa wurin abokinka a kamfanin taki na Mafara, wallahi mun gode, kuma ba wanda ya ci masa fuska. Sai dai suna ganin sandunan da yake dogarawa tausayi ya rufe musu ido. Yaron da ya koyi gyaran injin ban-ruwa, suka ba shi kujera ƙarƙashin fanka, wai ya riƙa yi wa baƙi sannu da zuwa. Ran nan janaretonsu ya tsaya, ya miƙe zai duba, suka ce ya zauna kar ya wahala, aka kira wani daga kasuwa. Yana zaune yana kallo aka gyara. Tun ranar ya yi shiru, kai ka san Mas'ud da surutu. Da na matsa masa sai ya ce, "Umma, ciwon shan inna ƙafafu kawai ya ɗauke mini, su kuma hannuwana suka karɓe." Ɗaki na shiga na yi kukana.

Yanzu Sallau makanike na Bakura yana nemansa, noman rani ya matso, injuna sun taru masa. Can ba fanka, sai rana da baƙin mai, amma can zuciyarsa take. Ya ce shi ba zai ba ka kunya wurin abokinka ba, ko da zai tsufa a kujerar nan. Sallau kuwa da an gama yankan shinkafa zai ɗauki wani. Don Allah Yaya ka kira shi ka ce ka amince. Na yi magana har na gaji, naka bakin kawai zai ji. Kullum da safe yana shiri ya tafi ya zauna, saboda kai.

Ka gaishe mini da Yaya Husna, da Mujahid da Nasidi. Hajiya tana sa maka albarka.

Taka ƙanwa,
Lantana