Adiren Iya Bai Zuba Ba

Abu Hamour, Doha

Ƙanwata Atine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin Iya da ciwon gwiwar nan tata? Ya mutanen Sabo?

Ni dai ga ni nan, gajiya ta zama rigata. Daga asibiti sai gado, daga gado sai motar asibiti. Zafin garin nan kuwa ba a magana, ko ruwan famfo sai kin tara ya huce kafin ki yi alwala.

Dogara ɗan unguwarmu ya dawo daga gida ya kawo mini saƙo, adiren da Iya ta saba rina mini duk shekara. Na rungume shi kamar ita na gani. Abokan aikina 'yan Filifin suna ta tambaya wai injin wace ƙasa ke buga wannan. Na ce inji? Uwata ce, Bayarabiyar Abekuta, ta zauna da gashin kaza da ƙullun rogo ta zana kowane tsuntsu da hannunta, ta tsoma a tukunyar shunin baba, inda ƙullu ya rufe ya fito da haske. Ban wanke shi ba tukuna, sai na samu hutu.

Ki ce wa Iya ta daina rufe jikinta har wuya idan muna waya ta bidiyo, sai ka ce amarya.

Yayarki,
Safiyyatu

*

Atine,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya, in dai gaskiya za ki faɗa mini.

Yau na jiƙa zanen a bokiti da ruwa da gishiri, kamar yadda Iya ta koya mana don shuni ya kama ya rage zuba. Na dawo na leƙa, ruwa garau! Ko ɗigon shuni babu. Na cuɗa, na matse, tafin hannuna fari fat. Na juya bayansa, ashe ma rinin bai ratsa ba. Na shinshina, babu warin baba, sai warin kanti.

Haba Atine! Ni za a yi wa wannan? Mun tashi muna shan faɗan Baba saboda fararen rigunansa da muke ɓatawa da shunin hannunmu. Wannan bugun inji ne, irin wanda ya cika kasuwar Itoku, wanda Iya ke tofar da yawu in ta wuce shi. Matar da ta ce gara ta ɗaura buhu da ta ɗaura shi, ita ce za ta aiko mini? Sai dai in hannunta ya daina aiki.

Na rubuto ne don a waya kuka zai hana ni magana. Me ya sami Iya? Kada ki ce mini gwiwa.

Safiyyatu

*

Ƙanwata Atine,

Assalamu alaikum. Ya kuka ƙara ji da mai jiki? Allah ya ba ki ladan jinya, ki yafe mini zafin da na yi.

Na karanta amsarki a tsaye a bakin ɗakin magani. Shanyewar ɓarin jiki, tun kafin azumi, kuma hannun dama. Ina nan ina juya tsofaffin mutane a gado, ina ba su abinci a baki, tawa uwar tana can ke kaɗai ke ɗaga ta. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Wanda ya fi ciwo shi ne ita da kanta ta aike ki Itoku ki sayo zanen, wai kada in gane in bar aiki. Na san abin da wannan ya ci mata a rai.

Na nemi hutu. Shugabarmu ta ce ma'aikata sun yi ƙaranci, sai ƙarshen shekara, khalas, wato magana ta ƙare. Na je wajen kafil, mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar nan, shi ma inshallah kawai ya bi ni da ita. In na ajiye aikin, wa zai sayi maganin? Na gaji, Atine, har ƙashina.

Tunda ta ce kada a gaya mini, ni ma ban sani ba. Shi ya sa jiya kafin in kira ku na sayi bular wanki a wani tsohon shago a Al Asmakh, na shafa a yatsuna, na ɗaura zanen. Kin ga lokacin da na ɗaga mata hannu ina mitar rininta ya ɓata ni. Kin ga kuma yadda ta daɗe tana kallo. Matar da ta tsufa a bakin tukunya ba za ta kasa bambanta bula da shuni ba, ko ta gilashin waya. Amma ta yi murmushi da rabin bakinta, ta ce in ƙara gishiri.

To, zan ƙara. Ki ci gaba da ja mata mayafin har wuya in zan kira, ni kuma ba zan sake tambaya ba. Ki roƙa mini Allah ya sa in same ta.

Taki har kullum,
Safiyyatu