Ni Zan Yi Tafinta

Laraba da dare, Oktoba 2006

Yau a makarantarmu, a nan ƙasar waje, aka yi wa mu malamai horo kan kare ɗalibai masu son jinsinsu daga tsangwama. Mai horon ta ce a fara kiran iyaye. Na kawo maganar Ilyasu, ɗan ajina. Yaranmu Hausawa suna ce masa ɗan daudu da Hausa, ni kaɗai nake ji a cikin malamai. Jiya ya ce mini, "Anti, don Allah kada Baba ya ji, Yamai zai mayar da ni."

Mai horon ta yi murmushi, wai al'adunmu abin sha'awa ne, ta duba agogo.

Ashe shugaban makarantarmu na zaune a baya. Gobe zai kira Alhaji, baban Ilyasu, kuma ni zan yi tafinta.